Ƙwayoyin Gwaji a Kasuwar Pitowa

A komisariyar 'yan sanda ta Garwa cewa ake yi Sufeto Abakar ba ya bincike, zama kawai yake yi har mai laifi ya gaji ya faɗa. Matarsa kuwa cewa take ko lafiyarsa ka tambaya, sai ya yi nazari tukuna. Amma cikinsa ba ya rabuwa da takaici, balle ranar da Dokta François ya faɗo ofishinsa, bayan ƙaramar sallah kaɗan, ya zube fararen ƙwayoyi a kan tebur.

"A kasuwar Pitowa ake sayar da su," in ji likitan. "Nawa ne. Dubi tambarin."

Gwajin sabon maganin tsargiya yake yi a wani ƙauyen masunta da ke bakin Binuwai. Rabin mutanen ana ba su magani na gaske, rabi kuma ƙwayar gari mai kama da shi sak, don a gane ko maganin ne ke tsayar da jinin fitsari. Doka ɗaya ce ba a taɓawa: kowa ya haɗiye a gaban ma'aikaci, ba a kai wa gida.

"Makullin sito biyu ne, nawa da na Madeleine," ya ci gaba. "Ni ina Yawunde duk watan jiya. Ba a fasa ƙofa ba. Me kuma kake jira?"

Kafin la'asar komise, shugaban ofishin, ya sa an tsare Madeleine, ya ce gaban alƙali za ta. Da ƙyar Abakar ya samu aka ɗaga masa zuwa Litinin.

Madeleine ta tsufa a aikin sito, mijinta ya rasu. Ta dubi Abakar ido a bushe.

"Misye Sufeto, abin da Jafaru infirmiye ya nema kowace safiya shi nake ba shi. Gwangwani ya tafi ƙauye cike, ya dawo wayam."

"Kina zuwa Pitowa?"

"Ran Lahadi take ci, ni kuwa ina coci. Tambayi kowa. Yanzu wa zai dafa wa yarana?"

 Abakar ya aika Pitowa, aka tarar mai tallar ƙwayoyin ya tattara tabarmarsa ya nufi iyaka ta Mayo-Ulo.

Jafaru infirmiye, ma'aikacin jinyar gwajin, saurayi ne tsaf, farar rigarsa ta sha guga.

"Da hannuna nake sa wa kowa a baki, da hantsi. Ya kora da ruwa, ya buɗe baki in duba."

"Kullum?"

"Ko fashin rana ban yi ba, ranka ya daɗe."

Babu inda za a kama. Saura direba, Mahmudu, wanda kowa ya san ba ya wuce cin kasuwar Pitowa. Aka binciki ɗakinsa da motarsa, ba ko ƙwaya. Amma da aka zaunar da shi sai ya samu wurin kai kuka: tayoyi sun suɗe, rairayi ba ya barin mota ta isa ƙauyen, sai dai ya tsaya nesa ya jira Jafaru. Abakar ya bar shi yana zuba.

"Ga kuma jarkar nan! Dokta ya hana shan ruwan kogi, sai dafaffe daga asibiti. To, madalla. Amma duk watan jiya yadda na ɗora ta haka nake sauke ta. Ruwa ya je yawon shan iska ya dawo, bayana ne ya tashi aiki!"

Abakar ya ajiye alƙalami. Haushin kansa ya kama shi. Shi ma fa ya yi azumin nan, har leɓensa ya tsage, amma ya zauna yana jin ana cewa da hantsi.

Washegari ya taka rairayin har ƙauyen. Jauro, mai garin, na gyaran komar kamun kifi a inuwa.

"Jam na, Baba? A watan azumi kun sha magani?"

"Da rana tsaka? Haba ɗana! Tsargiya ai ba ta kwantar da mutum, balle a sha azumi dominta. Mun roƙi yaron ya bar mana mu sha bayan magariba, ya ce an hana. Ya ce sai bayan sallah."

Ran Litinin Abakar ya tara likitan da Jafaru da direba a ofishinsa.

"Ba daga sito aka sata ba," ya ce. "Ƙwayoyin sun fita ta ƙofa, bisa ƙa'ida. Wanda bai sha ruwa ba bai haɗiyi ƙwaya ba. Jafaru, wa ka sa wa a baki da hantsi, mutane na azumi?"

Jafaru ya juya wajen likitan.

"Na gaya maka azumi na zuwa, Dokta. Ka ce gwaji ba ya azumi, in aka yi fashi Yawunde za ta rufe mu. Sai suka taru a hannuna, na rasa inda zan kai su."

"Ka samu inda za ka kai, kasuwar Pitowa," in ji Abakar. "Rabin waɗanda suka saya gari suka haɗiya, jini na nan yana zuba."

Likitan ya dafe kai. Aikin watanni ya lalace, sai an soma daga farko.

Da aka fito da Madeleine tsakar komisariya, likitan ya matso yana kallon ƙasa.

"Gobe ki dawo aiki."

Ba ta motsa ba.

"A gaban ma'aikata ka kira ni ɓarauniya, Dokta. Har masu jinya sun ji."

'Yan sanda suka daina hira. Likitan ya cire tabarau, ya share gumi, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma za su ji.

"Madam Madeleine, ba ki ɗauki komai ba. Ni na zalunce ki. Ki yafe mini."