Jar Fitilar Caji

Gab da magariba maigidana ya miƙo min makullin tsohuwar motarmu.

"Kai wa Inna maganinta, 'yar gidana. Yau bayana ya riƙe."

"Jar fitilar nan fa da ke kama maka a hanya?"

"Na gyara," ya ce, yana kallon ƙasa.

Mai gyaran wayar mota ne. Tun muna zance, maimakon kalaman soyayya, wayoyin altaneta, na'urar da ke cajin batir, yake koya min, ni kuwa ina sauraro don muryarsa. Siririya ɗaya tana jin ƙarfin batir. Ɗayar tana bi ta ƙwan jar fitila, ta nan altaneta ke samun wutar farko. A tsohuwar mota, in babu ƙwan, babu caji.

Na murɗa makulli, fitilar ba ta ko ƙifta ba. Ya kamata ta kama kafin inji ya tashi. Na sani. Amma na fi yarda da shi.

Bayan na bar gidaje, fitilun gaba suka soma dushewa. Daidai wani kwalbati, inda wata ruɓaɓɓiyar mota ta shekara a kife cikin ciyawa, injin ya yi tari ya mutu.

Tsit. Ko kukan gyare babu.

Na zura hannu ta ƙarƙashin sitiyari. Gurbin ƙwan wayam. An yanke wayar, an naɗe bakinta da baƙin salatif, naɗi mai tsafta da na sani ko a mafarki.

Sai warin ƙonanniyar roba ya taso, da na jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Gurbin da babu ƙwai ya kama da ja.

Kujerar baya ta yi ƙara, kamar an zauna.

"Ba shi ba ne," wata murya ta raɗa.

"Matarsa ce," in ji wata, a dokin wuyana.

Muryar farko ta matso kusa da kunnena.

"Baiwar Allah, altanetar nan daga gidanmu, motar can da ke kife, ya kwance ta. Mun kunna masa fitila, mun ce ya dawo da kansa. Ya ce zai aiko da wadda za ta zauna a madadinsa."

Wani sanyi ya kewaye min wuyan hannu.

Na fizge. Na ambaci sunan Allah da ƙarfi, na banke ƙofa. Ban san inda takalmana suka faɗi ba.

Na iso gida ƙafafuna na jini. Maigidana yana zaune a bakin garejinsa, lafiyarsa ƙalau, yana fere waya da filaya.

Ya ɗago. Filayar ta suɓuce daga hannunsa.

"Ke... kin dawo?"

Bai tambayi motar ba. Bai kalli ƙafafuna ba. Bayana yake leƙe.

Tun ranar ina gidan yayana. Sau da yawa maigidana ya aiko a ba ni haƙuri, amma bai taɓa zuwa da ƙafarsa ba. Hanyar gidan Yaya ta kwalbatin nan ta bi.