Hucin da Ke Cikin Kiɗan Renske

Wanda ya saci kayan mai rai ɓarawo ne. Wanda ya bari aka binne mutum, ya sha gahawar makokinsa, ya ci kek, sannan ya haura ɗakinsa ya sa hannu, wannan ban san sunan da zan ba shi ba. An yi irinsa a unguwarmu ta Charlois, a Rotterdam, kuma da furanni ya zo jana'izar.

Arend Kuiper ne ya gano satar. Tsohon mai tuƙa injin ɗaga kaya ne a tashar jiragen ruwa. Ranar kasuwa yana tsaye a rumfar mai kifi, ya kama kifinsa ta wutsiya zai kai baki, sai rediyon mai rumfa ya saki wani kiɗa. Ya tsaya cak. Da kiɗan ya ƙare, mai gabatarwa ya ce sabon aikin wani ne da ke kiran kansa Zalɓe, wanda ba wanda ya san fuskarsa. Arend ya ajiye kifin bai ci ba, ya nufi ofishin 'yan sanda.

Sufeto Humphrey Pinas ya karɓe shi.

"Zauna, Baba. Me aka sace?"

"Kiɗa."

"Kiɗa kuma?"

"Na 'yata, Renske. Bara da kaka babbar mota ta buge ta a kan kekenta. Yau na ji kiɗanta da sunan tsuntsu."

"Ka tabbata nata ne? Irin wannan kiɗan ai duk kamarsu ɗaya, dum-dum-dum."

"Yallaɓai, mutum na manta ciwon haƙorinsa? Hunturu guda ina dukan silin da sandar mofa ta goge ƙasa saboda shi. Da asuba take aiki a gidan burodi, ta dawo da rana lokacin da nake son runtsawa, ta hau sama ta fara." Ya dubi hannuwansa. "Ban taɓa hawa na ce ta kunna min ba. Ce mata na yi ba kiɗa ba ne, injin wanki ne ya lalace."

Pinas ya tuntuɓi ƙaramin kamfanin da ya fitar da kiɗan. Suka ce Zalɓe ya ɓoye sunansa ne bisa yarjejeniya, ba za su faɗa ba sai da takardar kotu. Kotu kuwa ba ta ba da takarda don wani tsoho ya ji abu ta cikin silin. Sai Pinas ya tafi gidan.

Arend ya raka shi zuwa gindin matakala ya tsaya. Tun rasuwar bai taka ta ba. A ɗakin babu ganga, babu garaya, babu komai da ake bugawa. Kwamfuta ce, da lasifika biyu, da ɗan allon fiyano da bai wuce tsawon hannu ba. Duk gangunan da amon suna cikin manhajojin kwamfutar. A gefen tebur wata waya na reto, kusa da ita akwai gurbin wani ƙaramin abu da aka ɗauke: faifan da take adana kwafin ayyukanta. Kwamfutar kanta a kulle take, sai an kai wa masana.

"Wa ya hau nan bayan rasuwarta?" Pinas ya tambaya daga sama.

"Ranar jana'iza mutum uku suka nemi izini. Joris, da Saar, da malaminta Tijmen. Na ce su je. Daɗi ma na ji, wani ya yi abin da na kasa."

Joris Blom, tsohon saurayinta, mai dafa abinci ne a wani gidan cin abinci. Pinas ya same shi a bayan kicin yana feraye dankali.

"Me ka ɗauka a ɗakin Renske?"

Wuƙar ta tsaya. "Wa ya gaya maka?"

"Kai, yanzun nan."

"Mayafin wuyanta ne. Ja. Yana gida, in kana so ka kama ni a kansa."

"Faifan ajiya fa?"

"In yi me da shi? Ni ko hoto ban iya turawa daga waya zuwa kwamfuta ba. Abin da ya raba mu ke nan ai. Na ce ta zaɓa, ko ni ko wancan akwatin." Ya ci gaba da feraya, yana cire fiye da ɓawo. "Ta zaɓi mai hankali."

Pinas ya bincika gidansa. Mayafin na nan, kwamfuta babu.

Saar Lammers ƙawar Renske ce, kuma ita ma tana haɗa kiɗa a ɗakin hayarta. Wannan ya sa Pinas ya zauna da kyau.

"Kin san kiɗan Zalɓe?"

"Na ji shi. Gabana ya faɗi."

"Amma kika yi shiru."

"Da wane bakin zan yi magana? Kafin ta rasu ta turo min shi, ta ce, 'Ke 'yar rainin hankali, saurara ki gaya min gaskiya.' Na ce gobe. Goben nan ta yi ta tafiya. Da na zo buɗewa bayan jana'iza, wa'adin saƙon ya ƙare, an goge shi."

"Nuna min yadda ake haɗa abin nan."

Ta jera ganguna a allon kwamfutarta, ta ɗora musu wani amo mai kauri kamar kukan jirgin ruwa. Suna cikin ji, sai lasifikar ta yi wani huci, shuuu, kamar gas na fita daga tukunya.

"Wannan fa?"

"Talauci ne, Yallaɓai," ta ce, ta ɗan yi dariyar da ba ta kai zuci ba. "Manhajar mai tsada ce. In ba ka saya ba, suna ba ka ta gwaji, amma lokaci-lokaci sai ta huce maka a kunne don ka ji kunya ka biya. Ba ya ciruwa. Ni da Renske duk ta gwajin muke da ita. Ita ta gaji da faɗa da shi, ta ce za ta daidaita saurin gangunanta yadda hucin zai riƙa faɗawa daidai kan bugu, ta yi masa ado ya zama kamar da gangan. Na ce ta haukace."

Tijmen Verbeek yana koyar da haɗa kiɗa a saman gidansa, a ɗaki mai bango lulluɓe da soso. Shi ya yi jawabi a jana'izar, har mata suka yi kuka. Ya ba Pinas gahawa mai kyau.

"Yarinya ce mai ƙoƙari," ya ce. "Da sauranta, amma mai ƙoƙari."

"Ka hau ɗakinta ranar jana'iza."

"Na yi ban kwana da kujerar da take zama. Laifi ne?"

"Kana da manhajar nan mai amon jirgin ruwa?"

"Tun ranar da ta fito na saya. Ni ban taɓa amfani da ta gwaji ba, balle ta sata. Abin da nake fara gaya wa ɗalibaina ke nan: wanda bai biya mai kaya haƙƙinsa ba, kada ya kira kansa makaɗi. In na ga ta gwaji a kwamfutar ɗalibi, a gaban kowa nake kunyata shi."

Na lura a rayuwata, mai yawan wa'azi a kan ƙaramar sata sau da yawa babba yake ɓoyewa. Pinas dai ya riƙe maganar a ransa. Ya shanye gahawarsa ya yi godiya.

Washegari da rana ya koma gidan Arend da kiɗan Zalɓe a wayarsa.

"Baba, a ina kake zama in tana yi?"

"A waccan kujerar."

"Zauna a kai. Zan hau in kunna a lasifikarta. Duk abin da ka ji, ɗaga murya ka faɗa."

Gidajen Charlois bangonsu kamar kwali ne. Ganguna suka fara sauka ta silin, amon jirgin ya biyo. Tsohon ya zauna, sandar mofa na jingine inda ta saba.

"Ba a fara nata ba tukuna!" ya yi kira. "Amon nata ne, amma bai yi huci ba. Nata yana huci!"

Can sai ga shuuu.

"Yauwa! Ga shi! Ranar farko da na ji shi a guje na tafi kicin, na zaci gas ne." Hucin ya yi ta dawowa a kan lokacinsa, kamar numfashin mai barci, tsohon na gyaɗa kai kafin kowanne ya iso. Zuwa ƙarshe ya gyaɗa kai, hucin bai zo ba. Ya sake jira. Shiru. "Wannan kuma ba ita ba ce. Wani ne ya sa rigarta."

Da Pinas ya sauko, ya tarar da shi yana share fuska da hularsa.

"Ashe na haddace shi kaf," in ji Arend. "Da zagi na haddace shi."

Da wannan, da bayanin Saar, da abin da masana suka samu a kwamfutar Renske, kotu ta ba da takardar bincike. Faifan na cikin aljihun teburin Tijmen, a ƙarƙashin tarin wayoyi.

"Ita ta ba ni ajiya," ya ce. "To, ni ne Zalɓe, sai me? Kiɗana ne. Na ba ta ta koyi aiki a kai."

"Madalla. Buɗe aikin a kwamfutarka ka kunna min."

Ya buɗe. Ganguna suka zo, amon jirgin ya zo, tsaf, ba ko ɗigon huci daga farko har ƙarshe.

"Ina hucin da 'yan rediyo ke yabo?"

"Daban na ɗauko shi. Ƙarar wani bututun tururi ne a tashar jiragen ruwa."

"Nuna min inda ka ajiye shi."

Tijmen ya yi ta zagaya allon yana nema. Pinas ya ja kujera ya zauna.

"Bar wahalar da kanka, ba ya nan. Ka neme shi tun bara ba ka samu ba. Bari in gaya maka yadda aka yi. Kiɗan Renske gajere ne, masu kunna faifai a gidajen rawa kuma suna son doguwar shimfiɗa a farko da ƙarshe. Ka buɗe aikinta don ka ƙara, sai hucin ya ɓace. Ka rasa dalili. Sai ka ɗauki wanda ta riga ta kammala ka sa a tsakiya, ka ɗinka masa kai da wutsiya da taka manhajar. Joris ba shi da kwamfuta. Da Saar ce ta ƙara, da ƙarin ma ya yi huci, don ta gwaji gare ta. A cikin ukun da suka hau ɗakin, mutum ɗaya ne manhajarsa ba ta huci, kuma shi da bakinsa ya yi min alfahari da haka."

"Ta gwaji?" Muryar Tijmen ta dushe. "Hucin nan na ta gwaji ne?"

"Shi ne. Ta ɓoye maka don kada ka kunyata ta a gaban aji."

Tijmen ya janye hannunsa daga kwamfutar.

"Ya fi duk abin da na taɓa yi," ya ce a hankali. "Shekara da shekaru ina wannan sana'ar. Na ga faifan a tebur, na ce zai ruɓe a ɗakin nan, ubanta ko hawa ba ya yi. Ni na fito da shi duniya ta ji. Wannan ba komai ba ne?"

"Da ka sa sunanta, da wani abu ne," in ji Pinas. "Ɗauko rigarka."

Gaskiyar ke nan, kuma ba ta buƙatar ado. Sunanta haruffa kaɗan ne, da ya rubuta su da ya zama mai amana. Ya zaɓi tsuntsu.

Ranar da aka sake fitar da kiɗan, gajere kamar yadda ta bar shi, Arend Kuiper ya hau matakalar nan a karon farko. Saar ta kunna masa. Ya zauna a kujerar 'yarsa ya saurara har ƙarshe, ya ce ta ƙara murya ta maimaita. Maƙwabcinsa ya fara dukan bango.

"A rage, Baba?" Saar ta tambaya.

"Bar shi ya daka. Yana haddacewa ne."

Kotu ta samu Tijmen Verbeek da laifin sata da zamba. Ta sa aka goge sunan Zalɓe daga kiɗan, aka mayar wa gidan Kuiper duk abin da ya samu a kansa, ta ɗaure shi wata huɗu. Da ya fito, ba ɗalibin da ya sake hawa matakalarsa.