Sufeto Ta Koyi Dabo

Sufeto tana ajiye hularta a kan tebur ke nan Kofur ya leƙo ofis.

"Ranki ya daɗe, an yi sata a layin maƙeran zinariya. Mai shagon ya kawo ɓarauniyar da kansa, in ji shi."

A gaban kanta ta tarar da mutum uku: maƙerin, yana ta huci, 'yar shagonsa, budurwa siririya, idanu sun kumbura da kuka, sai wata tsohuwa a kan benci, ta rungume jakarta.

"Me aka sace?"

"Jan yaƙutu," in ji maƙerin. "Na tsohuwar nan ne. Jiya ta kawo a sa mata a zobe. Na duba shi da madubina, na gaske ne. Na sa a 'yar farar ambulan, yarinyar nan ta rubuta suna ta kai akwatin ajiya. Yau na buɗe, sai jan gilashi!"

"Na mahaifiyata ne, 'yata," in ji tsohuwar a hankali. "Jikata ce ta gama karatun likita, ita na so na ba."

"Wa ke da makullin akwatin?"

"Ni da ita," in ji maƙerin. "Ni kuwa ba zan saci kaina ba."

Sufeto ta juya ga budurwar. "Daga tebur kai tsaye kika kai akwati?"

"Kai tsaye, wallahi."

Shagon ɗan ƙarami ne, akwatunan gilashi a jere, kyamara ɗaya a saman ƙofa. Sufeto ta zauna ta kalli hoton jiya. Ga maƙerin yana manne ambulan. Ga wani mai tabarau ya jingina da tebur. Ga budurwar ta karɓa ta rubuta suna, amma ba akwati ta nufa ba, ƙofa ta fita, ta ɗan jima kafin ta dawo.

"Kin ce kai tsaye," in ji Sufeto.

Budurwar ta sunkuyar da kai. "Mai shagon can na kusurwa ne ya kira ni. Aiki yake so ya ba ni. Na ji tsoron maigida ya sani."

"Kin ji ko!" maƙerin ya daka tsawa. "Maƙaryaciya, maciya amana!"

"Ya isa. Wane ne mai tabarau?"

"Dillali ne. Shi ke kawo min masu saye. Tun ina ƙaramin shago muke tare."

A bakin layin suka samu dillalin yana goge takalminsa. Mutum ne mai fara'a, bakinsa ba ya hutawa.

"Ka taɓa ambulan ɗin?"

"Ni? Ko kusa. Tsayawa kawai na yi muna raha da Mama."

"Kyamara ta nuna ta a hannunka."

Ya bugi goshi yana dariya. "Af! Miƙa wa yarinyar na yi. Tsufa, ranki ya daɗe. Amma ki duba da kyau, ko aljihu hannuna bai je ba."

Gaskiyarsa. Sufeto ta koma ta sake kallo. Ambulan tana hannunsa na dama, a fili. A hagu yana riƙe da nasa tarin ambulan, waɗanda yake yawon tallar duwatsu da su. Ya faɗi wani abu, kowa ya kwashe da dariya, hannayensa suka gifta juna, ya miƙa wa budurwar. Shi ke nan. Ta mayar baya, ta rage gudu, ba ta ga komai ba. Amma giftawar nan ta tsaya mata a rai.

Mai gyaran agogo da ke maƙwabtaka da shagon bai ɗago daga aikinsa ba da ta tambaye shi.

"Dillali? Ba shi da matsala. Sai dai kwanan nan ya zama ɗan karta."

"Caca?"

"Da caca ce ai da sauƙi. Shi kaɗai yake yi. Ya jingina waya da kwalbar ruwa, ya yi ta kallon wani ɗan dabo yana kwaikwayo. Na ce masa in haukacewa zai yi ya matsa daga bakin shagona."

Da suka koma ofis, shugabanta ya ce a shigar da yarinyar kotu ranar Litinin, ai magana ta fito. Sufeto ta roƙi a bar mata ƙarshen mako. A hanyar gida ta tsaya ta sayi kwalin karta.

Asabar da safe ta share teburin cin abinci, ta jingina wayarta da gwangwanin sukari. Ta yi ta bin bidiyoyin 'yan dabo har ta faɗa kan wani dattijo mai furfura da ke koyar da wata tsohuwar dabara. Mutum ya zaɓi kati, ka nuna masa wani daban, ya ce ba shi ba ne. Yana cikin yi maka dariya, katin da ke hannunka ya zama nasa.

Dattijon ya maimaita a hankali. Karta a hagu, kati ɗaya a dama. Hannaye na giftawa, babban yatsan hagu ya turo na sama, dama ta ajiye nata ta ɗauke shi. Ya ce ba sauri ake so ba, lokaci ake jira: sai idon mutum ya bar hannunka ya koma fuskarka.

Gwajin farko katunan suka watse har ƙarƙashin firij. Na biyu ma haka.

Mijinta ya fito ɗaure da tawul ya tsaya yana kallo. "Ikon Allah. Albashin ne ya kasa, har mun koma karta?"

"Zo ka zauna. Zaɓi ɗaya."

Ya zaɓa. Ta gwada.

"Na gani," in ji shi. "Ko makaho ya gani."

Haka suka wuni. Yatsanta ya yi ja, abinci ya ƙone, shi kuwa sai "na gani" yake yi da jin daɗi. Ranar Lahadi da la'asar ta nuna masa kati, ya ce ba nasa ba ne. Ta dube shi ido cikin ido.

"Af, ka biya kuɗin wuta kuwa?"

Ya buɗe baki zai kare kansa. Ta juya katin. Nasa ne.

Ya kalli katin, ya kalli matarsa. "A'uzubillahi! Da wa nake zaune a gidan nan?"

Sufeto ta yi tsalle kamar yarinya, kujera ta kife.

Litinin da safe ta tara su duka a shagon, har da mai gyaran agogo. Kofur ya tsaya a ƙofa.

"Malam dillali, kana taɓa karta?"

"Ni da karta? Allah ya sawwaƙe. Ko riƙe ta ban iya ba."

"Madalla." Ta karɓi zoben azurfa daga maƙerin, ta sa shi ya manne shi a farar ambulan da hannunsa. Ta ɗauka da dama. A hagu tana riƙe da tarin wasu ambulan.

"Mama," in ji ta, "jikar nan taki da ta zama likita, allurar farko ke za ta yi wa ko?"

Tsohuwar ta yi dariya, maƙerin ma ya murmusa, duk suka ɗago suna kallon fuskar Sufeto. Mutum ɗaya ne kawai idonsa bai ɗago ba.

Ta miƙa wa maƙerin ambulan. "Buɗe."

Ya yage. Maɓallin riga ya faɗo kan gilashi yana juyi.

Maƙerin ya ja da baya yana salati. "Ina zoben? A gabana fa kike!"

Ta zaro ta saman tarin hagu ta yage, zobe ya faɗo. "Ranar nan ma a gabanka aka yi." Ta juya ga dillalin. "Kowa ya kalli fuskata, kai babban yatsana kake kallo. Wanda bai iya riƙe karta ba, wa ya gaya masa inda ake duba?"

"Ni... tunani kawai nake."

"Kunna musu hoton, Kofur."

Yanzu da suka san abin da za su nema, kowa ya gani: dariya, giftawar hannu, ɗan motsin yatsa.

"Ba ni wayarka. Ka kuma juye aljihunka a kan tebur."

Dillalin ya juye aljihunsa. Ya fito da makullai, tabarau na biyu, sai kwalin karta.

"Wannan na wane ne, tunda kai Allah ya sawwaƙe maka?"

Ta zazzage kwalin. Katuna suka zube, bayansu ɗan ƙullin auduga. Maƙerin ya warware, ya kafa madubinsa.

"Shi ne."

Dillalin ya zauna daɓas a ƙasa. "Tun ranar da Mama ta fara zuwa tambayar kuɗin aiki na gan shi. Na ce ta sayar min, ta ƙi. Na riga na yi wa wani mai saye alkawari. Wasan kartan don nishaɗi na fara koya, wallahi, sai na ga ambulan ɗin girmansu ɗaya da kati."

"Yarinyar fa? Kana kallo za a kai ta kurkuku," in ji Sufeto.



Maƙerin ya matsa kusa da budurwar, murya ƙasa-ƙasa. "'Yata, ki yafe min. Ki dawo bakin aikinki."

"Na yafe, maigida," in ji ta, ta ajiye makullin akwati a kan tebur. "Amma gobe a kusurwa zan fara."

Tsohuwar ta kama hannun Sufeto da hannu biyu tana jujjuya shi, tana leƙa tsakanin yatsun. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma wannan hannun, a ci gaba da yi masa addu'a."

Kofur ya ɗaura wa dillalin ankwa ya tasa shi gaba. 'Yan layin sun cika bakin shaguna, suna kallo har aka sa shi a mota. Mai gyaran agogo ya tattara katunan da suka zube ya miƙa wa Sufeto ta taga.

"Ranki ya daɗe, na shaida ne ko na aiki?"

"Na shaida," in ji ta. "Nawa suna gida."