An Ɗaure Ta a Sama

Mai gareji, wani tsohon makanike, ya shiga ramin duba mota da tocila, ya haska ƙarƙashin jar motar tseren. Robobin bushin takwas, sababbi masu tauri, da ya sa wa ƙafafunta da hannunsa ranar Asabar, babu ko ɗaya. Tsofaffin da ya zubar a shara ne suka koma mazauninsu, biyu har sun tsage.

Likitar da ke da motar tana tsaye a bakin ramin. Ta ce tun da ta fita da safe motar ke ƙwanƙwasa, a kwana kuwa saura ƙiris ta kwashe ta. Ta ba shi zuwa la'asar: ko ya fito da ɓarawon, ko 'yan sanda su rufe wurin.

Zama ya gagare shi. Ranar Lahadi motar ta wuni a kulle a cikin garejin, bayan nasa kuwa makullan garejin uku ne: na mai fenti, na ƙaninsa da suke aiki tare, da wanda ake ajiyewa wurin maƙwabcinsu mai sayar da kayan mota.

Mai fenti yana asibiti tun Juma'a, matarsa ta haihu. Maƙwabcin ya yi ƙasa da murya, ya ce ba ya son haɗa 'yan'uwa, amma kamar ya ga giftawar ƙanin ranar Lahadin.

"Yaya, shekara ashirin ina miƙo maka sifana," in ji ƙanin. "Yau ni kake tambaya?"

Tsohon ya sake ɗaukar tocila. Ya koma ramin sau uku, yana shafa tsagar robar. A murɗe take. Ya sa aka ɗaga motar a jak, ya kwance noti ɗaya, ya ce bayansa ya riƙe, maƙwabci ya taimaka ya ɗaure masa. Mutumin ya durƙusa, ya ja sifana iya ƙarfinsa.

"Kai, a sauke ta tukuna mana," ƙanin ya faɗa, bai ma san bakinsa ya suɓuce ba.

"Kin ji, Likita?" in ji tsohon. "Ba a ɗaure bushin mota tana lilo a sama. Sai ta zauna kan tayoyinta, in ba haka ba robar ta murɗe ta tsage. Wannan yaron ko sata ya zo yi, hannunsa ba zai yarda ba. Wancan kuwa farashin kaya ya sani, bai san aikinsu ba."

A bayan kantar maƙwabcin aka samo sababbin robobin, an maida su cikin kwali, farin giris ɗin tsohon bai ma gogu ba.

Da aka tafi da maƙwabcin, ƙanin ya tsaya gefe, ya ƙi ɗago ido. Tsohon ya daɗe yana juya sifana a hannu, sannan ya miƙa masa.

"Shiga ramin. Ni zan riƙe maka tocila."