Butar Mamuda

Da tsohon mai shayin tashar Bukkuyum ya rasu, ƙaramin ɗansa Mamuda ne ya gaji tsohuwar buta. Gwadabe, babban, ya sayi sabuwa fil ya kafa tebur a tsallaken titi. Ganye ɗaya, madara ɗaya, amma 'yan acaɓa da direbobi wajen Mamuda suke cika, wai shayinsa ya fi daɗi. Gwadabe yana zaune yana kora ƙuda, abin yana cinsa a rai.

Shi dai ya yanke cewa sirrin yana cikin farin dattin da ruwan rijiya ya daskarar a butar, wanda mahaifinsu ya hana a kankare. Ranar da Mamuda ya tafi biki Gummi ya bar masa ajiyarta, Gwadabe har da murmushi.

Ana kiran magariba tasha ta watse. Shi ko alwala bai yi ba. Ya cika butar da ruwan tsamiya, ya ɗora a risho. Ta tafasa, tsami ya gauraye rumfar shayinsa. Ya zubar, ya sa cokali yana kankara, dattin yana ɓantarewa kamar ɓawon ƙwai.

Sai ya lura janaretan mai cajin waya ya yi shiru. Kwaɗin fadama ma haka.

Wani wari ya taso, irin na tsohuwar rijiya.

Bencin da ke bayansa ya yi ƙara. Ya sake yi. Katakon ya lanƙwasa a hankali, alhali babu kowa a kai.

"Ka buɗe muna," in ji wata murya dab da kunnensa. "Mun daɗe ciki. Zuba muna."

Kofunan tebur suka matso gabansa da kansu.

Ya yar da cokalin ya zura a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. A ƙofar masallaci aka tsince shi.

Mamuda ya dawo ya karɓi butarsa tana ƙyalli, har ya yi godiya, kuma cinikinsa bai ragu ba. Gwadabe kuwa, kullum da magariba bencinsa sai ya lanƙwasa, kofuna su matso, dole ya zuba. Wani lokaci baƙon direba yakan nufo teburin, ya yi sallama, ya dubi bencin daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce, "Af, ba wuri." Sai ya tsallaka wajen Mamuda.