Hannu na Sittin da Biyar

Ranar Juma'a da magriba Declan ya leƙo ofishina a Hobart, jaka a kafaɗa. Shekara goma sha ɗaya muna aiki tare, har mabuɗin gidana yana da shi.

"Tamsin, rumbun kwamfuta ya cika. Ki taimaka ki goge fayilolin Mereana."

Mereana ce ta koya mana aikin, ta rasu a watan Afrilu. Kukan kifayen teku da ta kwashe shekara tara tana naɗa ne a ciki.

"Ka kwafe su?"

"Tun makon jiya, sarkin tsoro. Suna kan faifan ajiya."

Na yarda. Ban duba ba.

Fayil miliyan uku ba a goge shi da hannu ɗaya. Na raba aikin gida sittin da huɗu kamar yadda muka saba, kowane hannu na kwamfutar ya ɗauki kasonsa, in ya kama aiki ya sanar. Na danna. Ta bayan gilashi fankokin injuna suka ɗauki gunji.

Sanarwa ta fara shigowa. Sittin da uku. Sittin da huɗu.

Sittin da biyar.

Na ƙirga sau biyu. Wannan hannun ba gogewa yake ba. Duk fayil ɗin da 'yan'uwansa suka nufa, sai ya yi ƙoƙarin riƙe shi. Sun fi shi yawa.

Fankokin suka yi tsit. Ƙamshin alewar na'a-na'a da Mereana take tsotsa kullum ya cika ɗakin. Kujerar bayana ta yi ƙara, irin ta wanda ya zauna.

"Tamsin." Daf da kunnena, a hankali. "Kin gani da idonki?"

Dokarta ta farko ke nan. Ba a gogewa sai an ga kwafi.

Na tsayar da aikin. Babu abin da ya rage.

Ban waiwaya ba. Ko rigar sanyina ban ɗauka ba, sai ga ni a titi.

Ranar Litinin na buɗe faifan ajiyar, wayam. Bayan wata biyu binciken Declan ya fito. Kukan kifayenta ne, babu sunanta ko a gefe. Abin ya ci ni, har yau yana ci na.

Na tare shi a ɗakin shayi. Ya ci gaba da juya cokali.

"Ni ban goge komai ba, Tam. Duba rajista."

Na duba. Sunana ne kaɗai a kan umarnin.

Shi bai taɓa jin ƙamshin na'a-na'a ba. Ni kuwa duk aikin da na raba sittin da huɗu, sittin da biyar ke amsawa.