Kaset ɗin Shekarar Farko

Da hantsin ranar da za a yi bikin karrama mawaƙa karo na talatin, shugaban bikin ya faɗo ofishin 'yan sanda yana haki.

"Sufeto, an kashe ni! Kaset ɗin bikinmu na farko ya ɓace. Shi kaɗai ne a duniya, kuma yau da yamma muka yi alkawarin nuna shi."

To, ku yaran yanzu ba za ku gane ba. A shekarar farko babu 'yan talabijin, babu fitilu masu juyi. Wani ɗan zaure aka ara, mutum ɗaya ya ɗauka da kyamara, aka jefa kaset a kabad, ba a taɓa nuna wa kowa ba. Ranar ce mawaƙiyar nan Zabiya ta ci kofin farko, ita kuma za a karrama yau.

Sufeto ya tarar da ƙofar ɗakin ajiya lafiya lau. Kwalin kaset yana mazauninsa, amma babu komai a ciki. Mai ajiya, wata matashiya mai tabarau, tana raɓe a gefe, don shugaba ya ce idan ba a samu kaset ba ta nemi wani aikin.

"Jiya kin bar ɗakin nan?"

"Ko nan da ƙofa ban je ba, yallaɓai."

Sufeto ya nuna wata tsohuwar na'urar bidiyo a lungu. An goge ƙurarta tsaf, an jona ta da wuta.

"Ke kika kunna wannan?"

"Ni ko inda ake danna ta ban sani ba."

"To wanda ya sani ya zauna ya sha kallo. Ina kika tafi?"

Baiwar Allah sai hawaye. Abinci ta je ci, ta bar tsofaffi biyu a ɗakin: Mai Piyano, tsohon makaɗin Zabiya, da Baba Direba, mijinta, wanda ya kawo tsofaffin hotunan matarsa.

A zauren biki Sufeto ya sami Mai Piyano yana gwaji, sai ƙamshin turare yake, sanƙonsa na ƙyalli.

"Ɗakin ajiya? Ban san hanyarsa ba ma."

"An gan ka, Baba."

Ya yi tari. "To, na leƙa. Hotona da Zabiya na je nema, na fito na bar mijinta. Ni zan miƙa mata kofi yau, ka sani? Ni kuwa me zai sa in saci kaset? Ni da nake jira duniya ta gan ni da gashina!"

"Shi mijin yana wurin bikin farkon?"

"Wa? Direban motarmu ne fa a lokacin. Yana waje yana gadin kaya. Da ban tsaya ruwan ido ba, ina shi ina aurenta?"

Sufeto ya wuce gidan Zabiya. Tana falo tana gwada ɗaurin ɗankwali, Baba Direba kuma yana goge mata takalmi, fuska a murtuke.

"Baba, me ka tuna game da bikin farko?"

"Ba abin da na gani, ɗana. Ina cikin mota har aka tashi."

Sufeto ya juya wajen Zabiya. "Inna, an ce Mai Piyano ne ya taya ki riƙe kofi."

"Allah sarki, kofin da nauyi ai."

Baba Direba ya yar da takalmin.

"Kofi? Hannunki ya riƙe! Har aka gama tafi bai saki ba, ke kuma kina ta washe baki, har da gyara masa kwalar riga!"



"Kwala?" in ji Zabiya. "Wallahi ni kaina na manta."

"Baba," in ji Sufeto a hankali, "daga cikin mota ka hango kwalar?"

Tsoho ya zauna daɓas. Ya ce shi dai so ya yi ya ga matarsa tana yarinya, ranar da bai samu gani ba. Ya kunna kaset, sai ya ga abin da ya gani.

"A nuna wannan a gaban jama'a, jikokina na zaune? Sannan wannan mai sanƙon ya hau ya sake kama mata hannu? Na ɗauko ashana zan ƙona shi, na kasa. Muryarta ce a ciki."

A ƙarƙashin kujerar motarsa aka sami kaset, naɗe cikin tawul. Sufeto ya aika wa shugaba, ya ce a gaya wa mai ajiya ta share hawayenta.

"Mu je ofis, Baba."

Zabiya ta biyo su har bakin ƙofa. "Kusan shekara talatin ina dafa maka, ina wanke maka, kai kuma kwala ce ta dame ka? Tsoho da kai!"

Aka sa shi a motar 'yan sanda. Har an tayar da inji, ya leƙo ta taga.

"Wa zai kai ki wurin bikin?"

"Mai Piyano yana da mota."

"Kada ki kuskura ki shiga motarsa!"

Ta gyara ɗaurinta, idonta ya cika da ƙwalla.

"To sauko ka kai ni mana."

Mota ta ja.